Yadda ake gane ko kuɗin da makaniki ya yanka maka na adalci ne

Yawancin rigimar mai mota da makaniki daga wuri ɗaya take tasowa: jimlar da aka faɗa da baki, a dunƙule, bayan an riga an ɗaure noti na ƙarshe. Jimla a dunƙule ba a ce mata tsada, ba a ce mata araha, tunda ba ka san abin da ke cikinta ba. Na daɗe ina kai motoci gyara, tawa da na wurin aiki, ni ne kuma mai duba takardar kuɗi kafin a biya. Abin da nake yi kullum bai wuce in raba jimlar gida uku ba: kuɗin gano matsala, kuɗin kaya, da kuɗin hannu. Kowanne da ma'auninsa, kuma mafi yawan aikin ana yin sa ne tun sifana bai taɓa motar ba.

Abin da za ka tanada

Littafin motar, wanda kamfani ya haɗo ta da shi. A ciki akwai jadawalin sabis: irin baƙin man da injin ke sha da yawansa, da lokacin canjin filogi, man birki, bel da sauransu. In ya ɓata, yawancin kamfanoni suna sa shi kyauta a intanet.

Lambar shasi. Yawancin motocin da aka ƙera daga 1981 zuwa yau lambarsu haruffa da alƙaluma 17 ce, kuma babu I, O ko Q a ciki don kada a rikita su da 1 da 0. Tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ko jikin ginshiƙin ƙofa, ko a takardun mota. Da ita ake nemo kayan da suka dace, domin mota biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya na iya zama da injin daban.

Waya mai kyamara, da ɗan littafin rubutu, da tsofaffin rasit na gyaran baya in ka adana su.

In da hali, ƙaramar na'urar karanta lambobin matsala da mita mai auna wutar batir. Ba dole ba ne. Wanda ba shi da su ya nemi a nuna masa fuskar na'urar gareji ya ɗauki hoto.

1. Ka faɗi abin da motar ke yi, kada ka faɗi abin da za a canza

Kafin ka fita gida ka rubuta alamomin: ƙarar daga ina take zuwa, da safe take yi ko bayan injin ya ɗumama, lokacin taka birki ne ko lokacin karya kwana, wace fitila ce ta kama a dashbod. Ɗauki hoton lambar tafiyar da motar ta yi.

Kuskuren sabon shiga shi ne ya shiga gareji ya ce, "A canza min famfon mai." To, an canza, matsalar na nan. Laifin wa? Kai ka ba da umarni, kai za ka biya. In ka ce, "Malam, tana shaƙewa idan na hau tudu, a duba min dalili," nauyin gano matsalar ya koma kansa.

2. Biya kuɗin bincike, amma ka nemi hujja

Mutane da yawa suna jin haushin a ce su biya kuɗin dubawa alhali ba a gyara komai ba. Ni ina ganin wannan kuɗin ya fi kowanne halatta a takardar. Garejin da ba ya karɓar kuɗin bincike yakan fanshe ta hanyar canza kaya ɗaya bayan ɗaya har a dace, kuma duk kayan da aka yi canki-canka da su aljihunka ne ya saya. Ka dai tambaya tun farko nawa ne, kuma ko za a cire shi daga kuɗin aiki idan ka bar musu gyaran. Wasu suna cirewa, wasu ba sa yi, duka babu laifi in an faɗa.

Abin da ya kamata ka sani game da "sa wa mota kwamfuta" kaɗan ne. Tun 1996 aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin gano matsala da ake kira OBD-II, Turai ta bi baya a 2001 ga masu shan fetur, shi ya sa yawancin motocin da ke kan hanya yau suna da wata kafa mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Na'urar da aka jona a nan lamba take fitarwa, lambar kuma yankin da matsalar take kawai take nunawa. P0301 na nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai. Filogi ne? Koyil ne? Nozul ne? Ko matsin silindar ne ya ragu? Lambar ba ta faɗa ba. Makanikin kirki zai musanya koyil ɗin silinda ta ɗaya da na ta biyu ya ga ko matsalar ta bi shi, kafin ya aike ka saye. P0171 na nufin iska ta yi yawa fiye da kima a cakuɗin iska da man da injin ke ƙonawa, kuma sau da yawa tsagewar ɗan tiyo ne kawai, ba sensa ba, wato na'urar da ke aunawa ta sanar da kwamfutar motar. P0420 ta shafi matatar hayaƙi da ke jikin salansa, kaya mai tsada, amma yoyon salansa ko sensar da ta gaji ma suna jawo ta.

Haka sauran abubuwa, yawancinsu ana aunawa. Batir mai lafiya da ya cika caji yana nuna kusan volt 12.6 in mota a kashe take; in an tayar da injin ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5, in bai hau ba altaneta ko wayoyinta za a duba, sabon batir ba zai magance ba. Takalmin birki sabo kaurinsa wajen milimita 10 zuwa 12 ne, ana canza shi in ya sauko kusan 3. Faifan birki kuwa kamfani ya buga mafi ƙarancin kaurinsa a jikinsa, yawanci bayan rubutun MIN TH. Don haka in an ce maka faifan ya mutu, tambayar ita ce, "Nawa ya auna?" Ba rashin kunya ba ne. Wanda ya auna zai ji daɗin nuna maka.

3. Nemi ƙiyasi a rubuce, a rarrabe

Kada a fara aiki sai ka riƙe takarda, ko saƙon waya, mai ɗauke da waɗannan: sunan kowane kaya da kamfanin da ya yi shi da lambarsa, sabo ne ko na hannu, kuɗinsa, kuɗin hannun kowane aiki daban, mayuka da ƙananan tarkace, haraji in akwai, da tsawon garanti. Sannan ku yi magana ɗaya a fili: in wani abu ya ɓullo da zai ƙara kuɗi, a tsaya a kira ka. A nan ne kuma za ka ce a ajiye maka tsofaffin kayan da za a cire. In ka bari sai ranar ɗaukar mota, za a ce yara sun zubar.

Idan garejin ƙarami ne da ba su saba da takarda ba, kai ka rubuta a gabansa, ka karanta masa, ka tura masa ta waya ya amsa da "to". Ya isa hujja. Kafin alƙalami kuwa kada ya wuce kuɗin kayan da za a sayo. Kuɗin hannu bayan aiki ake biya.

4. Auna kuɗin kaya

Nan ne aka fi cuta, nan ne kuma aka fi zargin wanda bai yi laifi ba, don haka zan ɗan tsaya.

Kayan gyara ɗaya na iya zuwa a mataki huɗu. Akwai na kamfanin motar, cikin kwalinsa da tambarinsa, shi ya fi tsada. Akwai na kamfanin da ke ƙera wa masu motar kaya, wanda yake sayarwa da sunan kansa: Denso da Aisin suna yi wa Toyota kaya da yawa, Bosch da Valeo da Sachs da Lemförder suna yi wa motocin Turai, NGK na yin filogi, KYB na yin shokozoba, Gates na yin bel. Sau da yawa ingancin bai bambanta da na farko ba, kuɗin ne ya sauka. Sai na uku, kamfanonin da ke kwaikwayon kayan, daga mai kyau har wanda ba ya wata uku. Na huɗu shi ne na hannu, ko dai na gwanjo da aka cire daga wata mota, ko wanda aka buɗe aka sabunta cikinsa, kamar yadda ake yi wa altaneta da sitata.

Babu matakin da haramun ne a sa maka. Cutar ita ce a karɓi kuɗin mataki na ɗaya a ɗaura na uku. Shi ya sa tambayar "nawa ne famfon ruwa?" ba ta da amfani sai an haɗa da "na wane kamfani, mece ce lambarsa?" Da lambar a hannu, tambayi shaguna biyu ko uku, ko ka duba a intanet, ka ga farashin da kowa zai saya.

Za ka tarar kuɗin gareji ya fi na shago. Kada ka yi saurin cewa an cuce ka. Shi ya nemo kayan, ya tura a ɗauko, in bai yi daidai ba shi zai mayar, in ya mutu cikin garanti shi zai sake kwance motar ba tare da ka ƙara ko sisi ba. Ribar da ya ɗora ladan wannan ce. A nawa ma'aunin, ƙarin rubu'i ko sulusi a kan farashin shago ba na ko ɗaga gira. A ƙananan abubuwa irin su kwan fitila ko fiyus, ko an ninka ban damu ba, wahalar nemowa ta fi kuɗinsu. Amma a ninka kuɗin babban kaya kamar giyabos ko kwamfutar injin, wannan sai an yi min bayani. Ƙa'idata ita ce: duk wanda ya ci riba a kan kaya, garantin kayan da na aikin sake ɗaurawa suna wuyansa. Wanda ya ɗora riba sannan ya ce "in ya lalace ba ruwana", ya ci kuɗin aikin da bai yi ba.

Akwai kuma la'adar da wasu makanikai ke karɓa a ɓoye daga mai shago. Alamarta ita ce nacewa sai shago ɗaya tak, da ƙin kawo rasit. Ba kullum nacewar ke nufin haka ba, wani don ya yarda da kayan shagon ne, amma mai gaskiya ba ya ɓoye rasit.

To, ka sayo kayanka da kanka mana? Ana yi, ni ma nakan yi a abubuwan da ba su da rikici, kamar batir, taya ko filta. Sai dai ka sani ka ɗauke masa alhaki ka ɗora wa kanka. In kayan bai shiga ba, motarka ta tare masa wuri kana yawon canji. In ya mutu bayan mako biyu, kuɗin hannu sau biyu za ka biya. Wasu garejin ma sukan ƙara kuɗin hannu ga mai kawo kayansa, ni kuma ban ga laifinsu ba. A aikin da kwancewarsa ke cin yini, irin kuloci ko bel ɗin taimin, bar shi ya sayo, ka dai tsaya kan kamfanin da kake so. Araha ba ta ado a irin wannan wurin: a injina da yawa, in bel ɗin taimin ya tsinke ana tafiya, fiston ne zai daki bawul, gyaran ya koma na injin gaba ɗaya.

Abu biyu da ake mantawa. Na farko, tsohon batir, altaneta da sitata suna da daraja, a wurare da yawa ana rage kuɗin sabo idan an mayar da tsohon, don haka tambayi wa ya ci wannan ragin. Na biyu, jabu ya fi yawa a kayan da aka fi saye, wato filogi, filta, takalmin birki da baƙin mai. Farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa da nisa, a kwali mai tambarin babban kamfani, abin tsoro ne. Taya kuwa duba alƙaluma huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Tayar da ta shekara da shekaru a shago bai kamata a sayar maka da ita a kuɗin sabuwa fil ba.

5. Auna kuɗin hannu

Manyan gareji suna lissafi ne da awa: awannin da aikin ke ci, sau kuɗin awa ɗaya. Awannin ba agogon bango ake dubawa ba. Kamfanonin mota da masu tattara bayanan gyara irin su ALLDATA, Mitchell 1 da Autodata suna da jadawalin lokacin da kowane aiki ya kamata ya ci a kowace mota, ana rubuta shi da kashi goma na awa, 0.1 minti 6 ke nan, 1.5 awa ɗaya da rabi. In jadawali ya ce awa 3, ƙwararre ya gama cikin 2, awa 3 za ka biya. Mutane na jin wannan kamar zamba, amma juya shi ka gani: in sabon hannu ya yi awa 5, nan ma 3 za ka biya. Gwanintar da ta sa ya yi sauri shekaru ya yi yana tara ta.

Kuɗin awa kuma ya bambanta da dalili. Garejin dilan kamfani yana da na'urori na musamman, ma'aikatan da aka tura horo, da hayar babban wuri. Ga mota sabuwa mai garanti ko matsalar lantarki mai wuya, ƙarin na iya biyan kansa. Ga canjin birki ko shokozoba a motar da ta kwana biyu, ban ga dalilin biyan sa ba.

Abin da za ka sa wa ido sosai shi ne biyan kwancewa ɗaya sau biyu. A injina da yawa famfon ruwa yana bayan bel ɗin taimin. Wanda ya kwance gaban injin don canza bel ya riga ya isa famfon, abin da ya rage 'yan noti ne da zuba ruwa. In takarda ta nuna cikakken kuɗin hannun bel, ga kuma cikakken kuɗin hannun famfo kamar aiki biyu ne daban, ka nemi a gyara. Haka faifan birki da takalminsa, haka kuloci da robar da ke tare mai a bayan injin, duk kwancewa ɗaya ce. Wannan lissafin kuma yana yi maka amfani ta ɗaya gefen: in an riga an sauke giyabos, makaniki ya ce a canza boris ɗin kuloci da waccan robar gaba ɗaya, shawara ce ta mai son ka da arziki, ba neman ciniki ba.

Kada kuma ka auna kuɗin hannu da kuɗin kaya. Wannan kuskuren kowa na yin sa: "Abu ɗan wannan, a ce kuɗin ɗaurawa ya ninka kuɗinsa sau goma?" Ƙwarai kuwa. Abin sanyaya iska na na'urar sanyi a motoci da yawa yana can bayan dashbod, sai an cire dashbod ɗin ɗungurungum kafin a kai gare shi. Tambayar da ta dace ita ce, "Me da me za a kwance kafin a isa wurin?" Tsatsa da notin da ya ci ko ya karye ma suna ƙara lokaci na gaskiya, amma a nuna maka.

Idan garejin ba ya lissafi da awa, kuɗin aiki kawai yake yankewa, ga dabara. Nemo bidiyon yadda ake wannan gyaran a irin motarka a YouTube, ko littafin gyara na Haynes, ka ga yawan abin da ake kwancewa. Sai ka kwatanta da wani aiki da ka taɓa biya ka san tsawonsa. In aikin rabin yini ne aka yanka maka kuɗin da ya ninka na aikin yini guda da ka taɓa yi, akwai magana.

6. Ji ta bakin gareji na biyu

Ga ƙaramin aiki ba sai ka wahalar da kanka ba. Ga babba, kai alamomin wani wuri, kada ka faɗa musu abin da na farko ya ce sai sun faɗi nasu. In sun dace a kan matsalar, kwatanta layi da layi, kaya iri ɗaya da kaya iri ɗaya. Ƙiyasin da ya fi araha sau da yawa wani abu ya bari: bai sa saita tayoyi bayan canjin tayarod ba, ko shokozoba ɗaya ya lissafa alhali biyu ake canzawa, hagu da dama. In kuma sun saɓa a kan matsalar kanta, wanda ya nuna maka awo shi za ka bi.

7. Idan aka kira ka ana tsakiyar aiki

"Alhaji, mun buɗe mun ga wani abu." Wannan kiran ba alamar cuta ba ne, wasu matsalolin ba a ganin su sai an buɗe. Nemi hoto ko bidiyo, ko ka je da kanka. Sannan ka yi tambaya ɗaya: in ban yi yanzu ba, me zai faru? Abin da ya shafi birki, sitiyari, taya ko yoyon fetur ba a jinkirta shi. Abin da ke cikin wurin da aka riga aka kwance, yi shi yanzu ya fi sauƙi. Sauran, irin wanke nozul, wanke injin da magani, ko canjin man da lokacinsa bai yi ba, buɗe littafin motar. In babu shi a jadawali, kuma babu alamar matsala, ka ce a bari. Duk ƙarin da ka amince da shi a turo maka sabon jimla a rubuce.

8. Ranar ɗaukar mota

Je da rana, kada ka je kana sauri. Ɗora takardar ƙarshe kusa da ƙiyasin farko ka bi su layi-layi. Karɓi tsofaffin kayan da kwalayen sababbin, ka duba ko lambar kwali ta yi daidai da ta takarda. Inda ido ke iya kaiwa, leƙa ka ga sabon kayan a jikin motar. Yawan man da aka rubuta ya dace da na littafi, injin da ke shan lita 4 ba a rubuta masa 6 sai in an ba ka ragowar. Layin "tarkace" ko "sauran kaya" in ya yi kauri, nemi a warware shi.

Tayar da motar ka tabbata fitilun dashbod sun kama sannan sun mutu. Fitilar injin da ba ta kamawa sam lokacin da aka murɗa makulli abin tuhuma ce. Ku zaga tare da makanikin a irin yanayin da matsalar ke fitowa. Goge lambar matsala da na'ura yana kashe fitila na ɗan lokaci ko ba a gyara komai ba, don haka ku yi magana tun yanzu cewa in lamba iri ɗaya ta dawo cikin 'yan kwanaki, dubawar kyauta ce. Rasit ya ɗauki kwanan wata, lambar tafiyar mota, da garanti a rubuce, na kaya da na aiki.

9. In ba ku daidaita ba

Nemi mai garejin da kansa, a gefe, ba a gaban yaransa da sauran masu mota ba. Kada ka ce "kun yi tsada", nuna layin da kake ƙorafi a kai da dalilinka: ga ƙiyasi, ga abin da aka ƙara ba a kira ni ba. Biya abin da babu gardama a kansa, ka nemi a rubuta ragowar da ake jayayya a kai. A wurare da yawa doka ta ba gareji damar riƙe mota har a biya kuɗin aikin da aka amince da shi, don haka ƙoƙarin fizge mota da ƙarfi kai zai jefa cikin matsala. In magana ta ƙi, kai takardunka, hotuna da tsofaffin kayan ga ƙungiyar makanikai ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta inda kake, kuma kada ka bari wani gareji ya taɓa aikin sai wani ƙwararre ya duba ya rubuta abin da ya gani.